Abin da Direba Ya Gani a Kwanar Kasuwa

Baban Tagwaye ya fi shekara ashirin yana jan jirgin ƙasa, irin wanda ke kwaso ma'aikata daga unguwannin bayan gari da safe ya mayar da su da yamma. Tagwayen da ake kiransa da su tuni suka girma, ɗaya tana koyarwa, ɗaya tana karatun aikin jinya, amma sunan ya bi shi har wurin aiki, oga ma da shi yake kiransa. Mutum ne mai jiki, marar yawan magana, gwiwarsa ta hagu tana damunsa in ya daɗe a zaune. Fasinjojin da suka saba sukan gane shi ne a gaba ko ba su gan shi ba, don in ya iso tasha a hankali yake tsayawa, ba ya watsa mutane a kan juna.

Abokin aikinsa shi ne gadin jirgi, wanda ke can taragon ƙarshe yana kula da ƙofofi yana busa usur. Gajere ake ce masa don zolaya, saboda duk ma'aikatar babu wanda ya kai shi tsawo, sai ya sunkuya yake shiga ɗakin hutu. Ga shi da surutu da barkwanci. Yakan ce shi da Baban Tagwaye kamar miji da matar da suka daɗe ne, kullum suna tare amma kowa na nasa ƙarshen gidan.

A kan hanyarsu akwai wata kwana, inda layin dogo ya raba kasuwa da unguwa. An gina gadar sama, amma tana da nisa, matakalarta kuma ba ta tsoho ko mai kaya ba ce. Sai mutane suka ɓula shingen waya suna tsallakawa ta nan. A toshe yau, jibi a tarar da sabuwar kafa. Direbobi a tsakaninsu mahauta suke kiran wurin, ba kuma da dariya suke faɗa ba. Babu wanda ya daɗe a aikin bai taɓa taka mutum a can ba. Shi kansa Baban Tagwaye abin ya faru da shi ba sau ɗaya ba, ya ma daina bari zuciyarsa ta ƙirga.

Ranar da wannan ya faru, safiya ce irin ta kullum. Jirgi ya cika maƙil, har an danne ƙofofi da kafaɗu. Yana karyo kwanar ya danna hon kamar yadda ya saba, masu tsallakawa suka watse, wasu suka ƙarasa da gudu, wasu suka ja da baya. Saura mutum ɗaya. Magidanci ne da riga mai ruwan toka, riƙe da leda, kansa a ƙasa, yana tsakiyar dogo. Baban Tagwaye ya sake danna hon, ya ja birki har ƙarshe. Mutumin ya tsaya, ya juyo, suka haɗa ido.

Jirgi mai ɗauke da jama'a ba ya tsayawa don an ce ya tsaya. Ƙafafun ƙarfe suka yi ta ƙara, jirgin yana ta sulalewa. Tsofaffin direbobi sun koya masa tun yana sabo cewa in ka ja birki, ka gama naka, sai ka kau da kai, kada ka kalla. Ya sha yin hakan. Amma ran nan wuyansa ya ƙi juyawa. Ya ga komai, sannan ya ji abin ta tafin ƙafarsa, kamar an taka ɗan tudu.

Da jirgin ya tsaya, sai ya ɗauki oba-oba, rediyon da suke magana da juna, ya gaya wa ofis inda yake da abin da ya auku. Muryarsa ta fita daidai, kamar mai ba da rahoton danja ta lalace. Sannan ya kira Gajere.

"Na ji a jikina," in ji Gajere. "Babba ko yaro?"

"Babba."

"To. Bari in sauka."

Dokar aiki ce, direba ya zauna a mazauninsa, gadi shi ke sauka ya duba. Ta madubi Baban Tagwaye ya hango shi yana tafiya a kan tsakuwa, da tamfol a naɗe a hammata, yana leƙa ƙarƙashin tarago ɗaya bayan ɗaya. Fasinjoji suka fara leƙowa ta taga. Wasu suka diro suka ɗaga wayoyinsu suna ɗauka. Wani mai jaka da taye a wuya ya tako har gaba, ya ƙwanƙwasa gilashi yana tambaya ko za a daɗe, don yana da taro. Baban Tagwaye ya dube shi kawai, har mutumin ya gaji ya koma.

'Yan sanda suka zo, motar asibiti ta zo, aka ɗauke abin da za a ɗauka. Ofis suka ce babu direban da zai karɓe shi, sai dai ya daure ya kai jirgin ƙarshen layi. Ya kai shi. A yadi, inda ake ajiye jiragen, aka sa shi ya hura wata na'ura don a tabbatar bai sha komai ba, leburori suka jawo tiyo suna wanke gaban jirgin suna hirar ƙwallo. Gajere ya tsaya a bakin famfo yana ta cuɗa hannu da sabulu, ya ɗauraye, ya sake cuɗawa.

Oga ba mugu ba ne, gajiyayye ne shi ma. Ya cire tabarau ya murza ido, ya ce, "Ka san ba laifinka ba ne. Je ka huta zuwa ƙarshen mako. Da ina da mutane da na ƙara maka."

Matar Baban Tagwaye tana shanya ta ga ya shigo gida da rana tsaka. Ba ta tambaye shi komai ba. Ta karɓi jakarsa, ta kai masa ruwa banɗaki, ta koma kicin ta tsame naman da ta riga ta zuba a miya ta ɓoye a firji. Ta san sai an yi kwanaki kafin ya iya kallon nama. Ya zauna a falo, talabijin a kunne ba murya, yana shafa gwiwa. Da aka kawo abinci ya ɗan taɓa ya ture.

'Yarsa mai karatun jinya ita ce ba ta iya shiru ba. Ta zauna a hannun kujera ta ce, "Baba, akwai fa likitocin da aikinsu ke nan. Ka je ka zauna ka yi magana, su saurare ka."

"In ce musu me?"

"Abin da ka gani."

"Su kuma su kai wa wa? Ki bar bayin Allah su yi barcinsu."

"Kai kana yin naka?"

Uwar ta yi mata ido, ta tashi ta ba shi wuri. Gaskiya ce ta faɗa. Da ya rufe ido sai mutumin ya juyo. Waɗanda suka gabata duk ya san su ne da launin riga ko da kayan da suka watse, amma wannan yana da fuska: gashin baki da furfura ta fara ci, da ɗan tabo a gefen gira.

Ranar da ya koma ma'aikata don jin jirgin da aka ba shi, mai gadin ƙofa ya tare shi ya rage murya. Ya ce akwai wata mata da ke ta zuwa tun shekaranjiya tana neman direban da ya yi aikin safe ran nan. Ya kore ta, ta dawo. Ga ta can a benci ƙarƙashin rumfa.

"In kana so ka bi ta baya," in ji mai gadi. "Ka san halin dangin mamaci."

Ya sani. An taɓa tofa masa yawu, an taɓa jifan gilashinsa da dutse. Ya hango matar. Dattijuwa ce siririya, ta girme shi, ta ɗora jaka a cinya ta riƙe da hannu biyu, ba ta yi kama da mai shirin faɗa ba. Ga kuma gwiwarsa, hanyar baya tana da nisa. Ya tafi wurinta ya gaishe ta.

"Ni ne direban, Yaya."

Ta dube shi sama da ƙasa, ta matsa masa wuri a bencin. Ta ce mamacin ƙanenta ne, uwa ɗaya uba ɗaya, ita ta goya shi bayan rasuwar mahaifiyarsu. Ba ta zo neman rigima ba, an riga an gaya mata yadda jirgi yake. Tambaya ɗaya ce ta kawo ta.

Sai da ta yi kewaye kafin ta iso ga tambayar. Ƙanen nata ma'ajin kaya ne a wani kamfani, aka rufe kamfanin bara. Ya nemi aiki har ya gaji. Ya rage fita, ya rage magana, matarsa ta yi haƙuri har ta fara gajiya ita ma. Yana da yara uku. Yanzu maƙwabta sun zo gaisuwa, suna fita suna ƙus-ƙus cewa da gangan ya shiga gaban jirgi. Maganar ta kai kunnen babbar 'yarsa a makaranta, ta dawo ta kulle kanta a ɗaki.

"Ledar da ke hannunsa an kawo mana," in ji ta. "Takalmin makaranta ne na autarsa, sabo. Na ce wanda zai kashe kansa yana tsayawa zaɓen takalmi? Amma kuma ana gobe abin zai faru ya zo gidana, ya daɗe a zaune, ya gyara mini ƙofar kicin da na yi shekara ina roƙonsa. Da zai tafi ya ce, Yaya ki yafe mini wahalar da na ba ki. Bai taɓa faɗar haka ba. To ka ga inda nake. Kai ne na ƙarshe da ya gan shi. Ka gaya mini, da gangan ya yi?"

Baban Tagwaye ya kalli takalmansa. Amsa mai sauƙi tana bakinsa: a'a, tsautsayi ne, bai ga jirgin ba. Da ya faɗa da ta tashi ta tafi, shi ma ya huta. Amma matar ta kafe shi da ido irin na wadda ta raini yara, ya san za ta gane, kuma in ta gane to ta samu amsar da ta fi muni.

"Zan gaya miki abin da na gani," ya ce. "Da na karyo kwana, tafiya yake yi. Kansa a ƙasa, kamar mai tunani. Ya riga ya shiga tsakiya. Na danna hon, sai ya tsaya ya juyo."

"Ya gan ka?"

"Ya gan ni."

"Da lokacin da zai kauce?"

"Akwai. Kaɗan ne, amma akwai."

Ya ci gaba, don ya ga in ya tsaya a nan ya cuce ta.

"Yaya, na daɗe a aikin nan. Na ga mutanen da suke so su rayu, amma da suka ga jirgi a kansu ƙafa ta ƙi ɗaguwa. Na ga matashi mai ƙarfi ya daskare kamar an dasa shi, sai da wani ya fizgo shi. Na kuma ga waɗanda suka yi niyya. Su yawanci a gefe suke jira, sai jirgi ya matso su shigo. Ƙanenki ba jira yake yi ba. Tafiya na tarar da shi yana yi. Ya ɗaga hannun da ke riƙe da ledar zuwa ƙirji, ban sani ba ko ce mini yake in tsaya, ko kare kansa yake. Abin da ke cikin ransa kuwa, wallahi ban gani ba. In na ce miki na sani, ƙarya na yi."

Wani jirgi ya shigo yadi, suka jira ƙararsa ta lafa.

"Tafiya yake yi," ta maimaita.

"Tafiya yake yi."

"Ya nufi ina? Kasuwa ko unguwa?"

"Unguwa. Daga kasuwa ya fito."

"Gida ke nan." Ta buɗe jaka, ta rufe, ba ta ɗauki komai ba. "Ba duka na samu ba, amma wannan zan kai wa yaran. Ya sha wuya?"

"A'a. Wannan na tabbata."

Ta miƙe da ƙyar, ta gyara mayafi. Har ta taka sai ta juyo. "Kai ma ka rame, ko haka kake?"

"Ban san yadda nake ba, Yaya."

"Allah ya ba ka haƙuri. Ka ci abinci."

Da ya ba Gajere labari a ɗakin hutu, Gajere ya girgiza kai. "Ni da ni ne, ce mata zan yi santsi ya kwashe shi. Tsohuwa ta samu barci. Me gaskiyar ta ƙara mata?"

"Ba ka ga idonta ba."

"Ni abin da na gani ya ishe ni. Ka san har yau ban iya ɗaukar ɗana ba? Ya miƙo hannu, sai in ce wa uwarsa ta karɓe shi. Ta fara zargin ko na yi wata a waje." Ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba. "Ni da ko kallon mace a tasha ban da ƙarfinsa."

Baban Tagwaye ya koma kan jirgi. Sai dai tun kafin ya iso kwanar kasuwa sai ya fara rage gudu daga nesa, ya bi wurin kamar mai tura amalanke, hon ba ƙaƙƙautawa. Masu tsallakawa suka gane jirginsa, suka ƙara samun ƙarfin gwiwa, har da masu tsayawa su gama magana a waya. Jiragen da ke bayansa suka riƙa makara, ofis suka riƙa kira. Oga ya ja shi gefe ya ce ya fahimta, amma layin ba nasa ba ne shi kaɗai.

Wata safiya, ba ma a kwanar ba, a miƙaƙƙiyar hanya, ya hango wani da riga mai ruwan toka a tsaye gefen dogo. Bai san lokacin da ya ja birki har ƙarshe ba. Jirgin ya yi wata irin girgiza, mutane suka zube kan juna, ya jiyo ihunsu ta bango. Mutumin ma'aikacin gyaran layi ne, yana can nesa inda ya kamata ya tsaya, ya buɗe baki yana kallon jirgin. A cikin tarago wata mata ta fasa leɓe a jikin ƙarfe, wani tsoho ya gurɗe a hannu.

Gajere ya kira ta oba-oba. "In sauka?"

"A'a. Babu kowa."

Gajere ya ce, "To mu tafi, Maigida. A hankali."

Da yamma Baban Tagwaye ya shiga ofishin oga bai jira an kira shi ba. Ya ce a sauke shi daga layi kafin ya kashe waɗanda ke bayansa saboda tsoron waɗanda ke gabansa. Oga ya yi ƙoƙarin lallashi, ya ce direbobi sun yi ƙaranci, sababbin kuma ba sa daɗewa. Ya ce a ƙara masa hutu. Baban Tagwaye ya ce hutu ba ya yi masa komai, zama ne kawai da fuskar mutum. Aka yi ta jan maganar har wata ya wuce, yana ta aiki a haka, kafin wani tsohon direban yadi ya yi ritaya a ba shi gurbinsa.

Aikin yadi jan taragai ne daga wannan layi zuwa wancan, a kai su wanki, a kai su wurin makanikai, da gudun da mai tafiya a ƙasa zai iya wuce ka. Matasan direbobi suna ganinsa aikin waɗanda suka ƙare. Matarsa ta ce ita dai ko shara aka ba shi ta gode. Barci ya fara dawowa, ba kullum ba. 'Yarsa ba ta daina maganar likita ba, har ya je sau ɗaya don ta ƙyale shi, ya dawo ya ce mutumin yana da kirki amma kujerarsa ta yi laushi da yawa. Bayan mako biyu ya sake komawa, bai gaya wa kowa ba. Yayar mamacin bai ƙara ganinta ba, bai kuma san abin da yaran suka yi da amsar da ta kai musu ba.

An haɗa Gajere da wani sabon direba. Wata rana da azahar Baban Tagwaye yana zaune a inuwar wani tarago yana jiran makanikai su gama, sai ga Gajere ya taho, wandonsa duk ƙura daga gwiwa zuwa ƙasa. Ya zauna a kan wani katako, dogayen ƙafafunsa a miƙe.

"Yau ma?" in ji Baban Tagwaye.

"Yau ma. Mace ce. Sabon direban yana can yana amai a bayan ofis."

"Kai fa?"

"Ni na wuce amai." Ya tsinci tsakuwa ya jefar. "Maigida, babu wani gurbi a yadin nan? Ko na mai ɗaga tuta ne."

"Na tambaya maka tun tuni. Sun ce sai wani ya tafi."

"Wa ke kusa da tafiya?"

"Ni."

"Saura nawa?"

"Shekara biyu da wani abu."

Gajere ya yi lissafi a ransa, ya gyaɗa kai. Daga can aka kira sunan jirgin su Gajere a lasifika. Ya miƙe, ya karkaɗe wando, ya lalubi usur a aljihu.

"To, kada ka ce za ka ƙara wa'adi," ya ce, ya nufi dandamali.